Yadda Na Sauya wa Alƙali Lafiyayyen Talabijin

Ku samarin da kuke zuwa shagona da waya a hannu, kuna cewa kun kalli gyaran talabijin a bidiyo kun ga ba wani abu ba ne, a kwance sukurori a cire bod, wato allon lantarkin da ke ciki, a sa sabo, ku samu wuri a bencin nan ku zauna. Sunana Isiyaku, na haura shekara talatin ina wannan sana'a a nan Ƙofar Gayan. Cire bod kam cikin sati biyu za ku iya shi. Abin da zan ba ku labarinsa ni sai da na fara furfura na iya, kuma a kan talabijin ɗin da babu abin da ya same shi na koya.

Talabijin na farko da aka bari na taɓa da hannuna wani baƙi-da-fari ne mai akwatin katako, a shagon Baba Istifanus a Wusasa, wanda ya koya mini aiki. Kafin wannan rana na yi shekara guda cur ba na komai sai share ƙura da buroshi da riƙe madubi. Madubi kayan aiki ne a wancan zamani, domin mai gyara yana bayan akwati yana murɗawa, sai ta madubi zai ga abin da fuskar talabijin ke nunawa. Daga nan ya nuna mini yadda ake sauke wutar da ke maƙalewa a cikin kwalbar da ke nuna hoto, da sukudireba da guntun waya, hannu ɗaya a aljihu, don wutar nan tana iya jefar da ƙato ko an kwana biyu da zare soket. Sai mitar auna wuta, sai ayan ɗin soda, wato ƙarfen da ake liƙa waya da dalma da shi. Amma shi Baba Istifanus ba ya kwance ko sukuru ɗaya sai ya zaunar da mai kaya ya yi masa tambayoyi: yaushe ya fara, me ka gani da idonka, wa kuma ya gani ban da kai. A lokacin ina ɗaukar wannan ɓata lokaci ne irin na tsofaffi.

Ina tuna wata Talata da wani ɗan kasuwa ya sauke talabijin uku masu ƙeya a ƙofar shagona. Na ɗauko mita, ya ce a'a, ba gyara ya kawo ba, ya sayi masu faɗin fuska ne, in ina so in ɗauka, in ba na so 'yan jari-bola su kwashe. Daga nan mummunar shekarata ta fara. Sai in wuni ba a kawo ko rediyo ba. Abokan sana'ata biyu na layin nan suka rufe, ɗaya ya koma tuƙin keke mai ƙafa uku, ɗayan ya koma gona. Ni na tafi Legas wata uku, na zauna ƙarƙashin wani da na girme shi nesa ba kusa ba, na sake koyo daga farko, na gyaran masu faɗin fuska. Da na dawo, sababbin ba su fara lalacewa da yawa ba tukuna. Abin da ya riƙe ni shi ne rataya su a bango, da saita dish, da ba mai saye shawarar wanda zai saya. Mai ba da shawara kuwa ba shi da wani jari sai sunansa. Kun kuma san cikin birni, maganar da aka yi a zaure ɗaya da hantsi kafin la'asar ta zaga unguwa uku.

A wannan tsakani ne talabijin mai tiri-di ya shigo, wato wanda idan ka sa tabarau hoto yake yin zurfi, abu ya taso kamar zai taɓa maka hanci. Yawancinku ba ku riske shi ba, saboda haka bari in yi muku bayani. Ɗaga yatsanka a gaban fuska, ka rufe ido ɗaya, sannan ka buɗe shi ka rufe ɗayan. Za ka ga yatsan ya yi tsalle. Idanunka biyu ba daga wuri ɗaya suke kallo ba, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa hotunan biyu ta gane nesa da kusa. Aikin wannan talabijin shi ne ya ba kowane ido nasa hoton daban. Masu ƙera shi suka rabu gida biyu a kan yadda za a yi.

Na farko shi ne mai tabarau mai batir, 'yan boko suna ce masa aktif. Talabijin ɗin yana nuna hoton idon hagu, ya nuna na dama, ya koma na hagu, da saurin da ba ka iya bi. Tabaran kuma yana rufe gilashi ɗaya ya buɗe ɗaya daidai da shi. Kowane ido yana samun cikakken hoto, tas, babu ragi. Amma tabaran yana da nauyi, sai an yi masa caji, yana rage haske, kuma in ya karye neman wani sai an yi tafiya. Na biyu shi ne marar batir, wanda suke ce wa fasif. Shi kuma a fuskar talabijin ɗin aka liƙa wata fata siririya da ta raba layukan hoto, layi ɗaya na hagu, na ƙasansa na dama, har ƙasa. Tabaran roba ne kawai, marar nauyi, kowane gilashi yana tace nasa layukan. Ba caji, ba ƙyaftawa, kwali ɗaya ya ishi gida guda. Aibinsa shi ne kowane ido rabin layuka yake samu, in ka matso kusa sai ka ga zane-zane, kuma in ka kalle shi daga ƙasa sosai ko daga sama sai hoton ya rabu biyu.

Aikin da nake son ba ku labarinsa na gidan Alƙali Muntaƙa ne a Kwarbai. Tsohon alƙali ne da ya yi ritaya, mutum mai sanyin magana, yana karantar da manya littattafai a zaurensa bayan asuba. Ɗansa Nasiru, da ke aiki a Abuja, ya sayo masa mai batir babba, domin tsohon yana son shirye-shiryen namun daji da na teku. Aka kira ni na rataya shi a falon Alƙali, inda shi kaɗai yake zama, iyali suna can ciki. Tabarau biyu suka zo a kwalin, da faifan gwaji mai hoton kifaye a ƙarƙashin ruwa. Na sa ɗaya, na ba shi ɗaya. Ni dai na ga kifi ya taso har na ɗan ja da baya. Alƙali ya kalla, ya ce an gode, Allah ya yi albarka. Na kwashe kayana na tafi.

Bayan mako guda ya aiko a kira ni. Ya lissafa mini abu huɗu, a jere kamar yadda ya saba a kotu. Hoton yana da duhu. Ɗakin yana ƙyaftawa in ya sa tabaran, har kansa ya yi ciwo. Tabaran yana danne masa hanci domin a kan nasa na karatu yake ɗora shi. Na huɗu kuma, bai ga abin da ake cewa yana fitowa ba. Ku lura da kyau, domin a nan na yi kuskure. Ukun farko na san su, cututtukan mai batir ne da na sha gani. Da na ji su sai kunnena ya toshe, na ɗauka na huɗun ɗansu ne. Na ɗaga kai na ga dogon ƙwan fitila irin na ofis a saman bango. Irin wannan ƙwai yana da nasa ƙyaftawar, in ta haɗu da ta tabarau sai ɗaki ya riƙa rawa, balle in a kan janareto ake. Na cire shi na sa ƙaramin ƙwai. Na ƙara hasken hoto. Na duba tabaran na tarar cajinsa ya kusa ƙarewa, domin an yi kwana uku ba wuta sosai. Na ce ai shi ke nan, batir ne ya hana zurfin fitowa.

Kwana goma ya sake aikowa. Ƙyaftawar ta ragu, sauran suna nan. Sai na buga wa Nasiru waya na gaya masa cewa wannan nau'in bai dace da gidan ba. Dattijo mai tabaran karatu, a unguwar da wuta ke zuwa tana tafiya, marar batir ya kamace shi, har akwai ɗan gilashin da ake maƙalawa a kan tabaran mutum. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, ko yau aka tambaye ni haka zan ce. Nasiru bai so ba, domin ya karanta cewa mai batir ya fi kaifin hoto, kuma shi mafi kyau yake son ya ba mahaifinsa. Amma ya yarda da maganata. Na ɗauki talabijin ɗin da kaina zuwa Kano wurin wani dila da na sani, aka yi musaya.

Rataya na biyun ya ɗauke ni rabin wuni. Alƙali ba ya zama a kujera, a kan kilishi yake zama ya jingina da tumtum, kamar yawancin dattawanmu. Inda na rataya na farko ya yi sama da yawa ga marar batir, daga ƙasa hoton zai rabu. Na toshe ramukan farko, na zauna a daidai wurin zamansa, na auna tsayin idona da tef ɗin awo, na sake huda bango ƙasa-ƙasa, na ɗan sunkuyar da fuskar talabijin ɗin. Wannan ba a rubuta shi a takardar da ke zuwa cikin kwali ba, domin masu rubuta ta a kujera suke zama. Na kunna, na gani da idona ya yi daidai. Alƙali ya maƙala ɗan gilashin ya ce wannan kam da haske, ba nauyi, kansa ma ba ya ciwo. Na jira ya ƙara wani abu. Ya ce amma har yanzu hoto ne a shimfiɗe, kamar kowane talabijin. Na matsar da tumtum ɗin baya, na ce ido sai ya saba, ya ba shi kwana biyu.

Ban san Nasiru ya ji wannan ta waya ba, kuma wani ya hura masa kunne cewa marar batir shi ne mai araha, wai na karɓe mai kyau na kawo musu na banza. Ranar Juma'a da ya iso gari, kafin ma ya shiga gida, ya tsaya a majalisar abokansa a bakin masallaci ya faɗi haka. Kafin magariba wani Alhaji da na yi alkawarin rataya masa talabijin uku ya aiko cewa in dakata tukuna. A shekarar da nake ciki, in wannan magana ta zauna, rufe shago kawai ya rage mini.

Asabar da hantsi aka kira ni gidan. Na tarar da Alƙali a wurin zamansa, Nasiru a gefe fuska a murtuke. Tsohon ya sa ɗansa ya faɗi ƙorafinsa har ya gama, bai katse shi ba, sannan ya juyo gare ni. Ban yi doguwar magana ba. Na roƙi a bar Nasiru ya zauna a wurin mahaifinsa ya sa tabarau, tunda ban da ni da Alƙali babu wanda ya taɓa kallon ko ɗaya daga cikin talabijin biyun. Ina faɗin haka na ji muryar Baba Istifanus a kunnena, domin tambayar da ya kamata in yi tun ranar farko ke nan.

Nasiru ya zauna, na kunna faifan kifaye. Ba a yi minti ɗaya ba ya kau da kai gefe, ya ɗaga hannu kamar zai kore wani abu. Ya cire tabaran a hankali.

"Baba, ai yana fitowa," in ji shi. "Har gaban fuskata ya zo."

Alƙali ya karɓi gilashinsa ya koma wurin, ya kalla ya daɗe. Na durƙusa kusa da shi na ce, "Allah ya gafarta Malam, a gaya mini daidai abin da ake gani, da tabarau da kuma babu."

Ya ce in babu tabarau yana ganin hoto biyu sun hau juna, dishi-dishi. In ya sa sai su zama ɗaya, tsaf, amma a shimfiɗe. Ya ce da na farkon ma haka ne.

Duk wanda ya san aikin nan ya san ma'anar wannan. In tabarau ya tace hoto ya zama ɗaya, to talabijin yana aikinsa, tabarau yana nasa. In kuma zurfi bai fito ba, hoto ɗaya ne kawai yake isa ciki. Na ba shi wani tabaran don in tabbatar, bai sauya ba. Na ɗan jima ina neman yadda zan faɗa wa mutum kamarsa abin da ke raina, a gaban ɗansa. Daga ƙarshe na ce gwaji ɗaya ya rage, in ya yarda ya rufe idonsa na hagu da tafin hannu. Ya rufe, ya ce ga kifi nan. Na ce to a sauya, a rufe na dama.

Ya sauya hannu.

"An kashe talabijin ɗin ne?" ya tambaya.

Hannunsa na kan idon, ya juya kai wajen taga, ya juya wajen ƙofa, ya juya wajen Nasiru. Ya ce yana ganin ɗan haske ta gefe ɗaya, ban da shi ba komai. Ya sauke hannun, ya cire gilashin ya ajiye a kan kilishi, ya yi salati a hankali. Sannan ya tambaye ni tun yaushe nake jin abin ya faru. Na ce masa ni mai gyaran talabijin ne, abin da na sani shi ne kayan nan lafiyarsu ƙalau, sauran sai likita, kuma kada a bari ya kwana da yawa. Na ƙara da cewa talabijin na farko ma babu abin da ya same shi. Ya gaya mini abu huɗu, na gyara uku na yi watsi da na huɗu, na sa an yi musayar da ba ita ce maganin ba. Wannan laifina ne, na faɗe shi a gabansu.

Litinin Nasiru ya fasa komawa Abuja, ya kai mahaifinsa asibitin ido a Kaduna. Likitoci suka ce hawan jinin ido ne, cutar da ke cin gani a hankali ba tare da ciwo ba, ido mai lafiya yana rufa wa ɗan'uwansa asiri har mutum bai sani ba. Na hagu ya riga ya tafi, ba zai dawo ba. Na dama ya fara taɓuwa, amma an riske shi, za a riƙe shi da maganin ɗigawa safe da yamma har ƙarshen rai. Suka ce 'yan'uwansa da 'ya'yansa su ma su je a duba su, aka kuwa samu ƙaninsa ɗaya da ita tun tana farko. Juma'ar da ta biyo, Alƙali ya sa Nasiru ya koma majalisar nan ta bakin masallaci, a gaban mutanen da ya yi maganar, ya janye ta. Sannan Nasirun da kansa ya zo nan shagon, ya zauna a wannan benci ya ba ni haƙuri. Alhajin nan mai talabijin uku ya sake aikowa.

In kuna son sanin wanne ya fi a cikin biyun, na rataya kowanne da dama kafin yayinsu ya wuce. Mai batir na mutum ɗaya ne ko biyu, masu zama a kujera, a gidan da wuta ba ta yankewa, waɗanda kaifin hoto ya dame su. Marar batir na gida ne mai jama'a, inda za a zauna a kan tabarau, a taka shi, a ɗauko wani. A cikin birnin nan sau tara cikin goma shi nake cewa a saya, in dai za a bar ni in rataya shi daidai da inda ake zama. Amma dukansu ba su daɗe ba. Faifan da za a kalla ya yi wuyar samu, tashoshi ba sa nunawa, mutane suka gaji da sa tabarau don kallo a cikin gidajensu, masu ƙerawa suka daina. Har yau in an kawo mini tsohon irinsu gyara, nakan tarar ba a taɓa danna maɓallin tiri-di ɗin ba.

Wajen wata biyu bayan zuwansu Kaduna, Alƙali ya aiko in zo da na'urar huda bango. Ya ce a sauke talabijin ɗin daga falonsa a kai ciki, falon uwargidansa Hajiya Uwani, tunda shi ido ɗayan da ya rage masa na littattafai ne. Aka yi mini iso. Na tambayi inda Hajiya take zama, na auna, na huda, na rataya. Matan gida suka taru a bakin ƙofa, na buɗe kwalin tabarau na miƙa aka rarraba. Hajiya ta ce ita ba ta sa wannan abu a kan mayafinta, ta tsufa da wasan yara. Alƙali, da ya biyo ni ciki ya zauna a gefe, ya ce ta daure ta sa don shi.

Ta sa. Na kunna. Ba a jima ba sai ta sunkuyar da kai da sauri ta dafe kujera, matan suka fashe da dariya.

"Hajiya, me kika gani?" Alƙali ya tambaye ta.

"Wani ƙaton kifi ne mai ratsin rawaya, Malam. Ya baro bangon ya taho tsakiyar ɗaki, ga wasu ƙanana can nesa a bayansa, ruwan kuma kamar rijiya, ba ka ganin ƙarshensa."

Ya sa ta sake faɗa a hankali, yana saurare kansa a ƙasa. Ya tambaye ta nisan kifin daga fuskarta, ta nuna da hannu, kamu ɗaya. Ya dubi tazarar da ke tsakanin hannunta da fuskarta, ya gyaɗa kai.

"To, Malam Isiyaku," in ji shi, "na karɓi shaidarta. Aikinka ya yi."